Kwadon Da Ba A Fasa Ba

Zuwa ga Jikalle, jikar ƙanena,

Ina gaishe ki, ina gaida karatu da zaman baƙunta. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da ta juya mini baya, da kunnen hagu da injin yankan makulli ya cinye tun kafin a yaye ubanki. Kakarki Inna idonta ya yi sauƙi. Shekaranjiya na kai mata cefanen wata kamar yadda na saba, ta karɓa tana yi mini faɗa wai ban iya zaɓen albasa ba.

Tela ne ke rubuta mini. Ina zaune a ƙofar shagona, shi kuma ya ɗora takarda a kan kekensa, ya ce in na yi zagi ba zai sa ba. Kada ki ƙara ce mini in sayi waya. Maganar waya ana gamawa ta wuce. Takarda kuwa ko bayan shekara goma ana iya ɗauko ta a tsare mutum da abin da ya faɗa.

Direba ya kawo wasiƙarki, an karanta mini sau biyu. Kin ce ke da abokan karatunki kuna haɗa ƙananan finafinan ɓarayi da wayar hannu da fitila guda, kowane minti goma. Wane irin ɓarawo ne ake kamawa a minti goma? Ni da nake jira ki gama ki dawo in aure ki, ashe mai kama ɓarayin ƙarya zan ajiye a gida.

To, ga maganar da ta sa na hana Tela ɗinkinsa. Kin ce kina so ki yi fim a kan satar da aka yi a siton yadi, wadda ta kai ƙanena, kakanki mai gadi, gidan yari shekara uku, ya fito da tari, bai ƙara shekara biyu a duniya ba. Kin ce tunda ni ne ba na mantuwa a gidan nan, in ba ki labarin dalla-dalla. Gaskiya ne ba na mantuwa. Na san ranar da aka haifi kowa da ranar da aka binne kowa. Amma wannan ki bar shi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ki nemi wani ɓarawon, garinku ba zai rasa ba.

Kakanki Babba.

*

Kaka Babba, angona mai taurin kai,

Na gaishe ka, na gaida gwiwa. Ka shafa man da na aiko, kada ka ba Tela ya zuba wa kekensa. Ni lafiyata ƙalau, sai dai jarrabawa.

Ba zan bar shi ba. Tun ina ƙarama a makaranta ake ce mini jikar mai gadin sito, kuma ba yabo ake nufi ba. Akwai gasar gajerun finafinai nan da wata biyu, bayan an nuna a zaure za a sa su a intanet kowa ya gani. Ina so ranar nan Inna ta ga an wanke mijinta, ko da a fuskar waya ne.

Tunda ka ƙi, na rubuta yadda Inna take ba mu. Dare ne, ana ruwa. Mutum uku sun rufe fuskokinsu, sun ɗaure mai gadi, sun fasa kwado da guduma, sun kwashe kaya. Da safe manya suka rasa wanda za su ɗora wa, suka ɗora wa talaka. Mun sami wani tsohon garejin kawun daraktan fim ɗinmu da za mu mai da sito, mun sayi kwado biyu don in mun fasa ɗaya bai yi kyau ba mu sake. Wanda zai fito a mai gadi dogo ne kamar yadda kuka ce Kaka yake, sai dai dariya ba ta yi masa wuya.

In akwai gyara ka faɗa yanzu, kafin mu kunna kyamara.

Jikallenka.

*

Jikalle,

Muna lafiya. Man ya zo, yana da wari, amma ina shafawa.

Tun da aka karanta mini takardarki na kasa zama wuri ɗaya. Na lalata wa wata mata ɗan makullin akwati, abin da ban yi ba tun ina koyo. Na ce ba zan yi magana ba, amma ba zan iya jin an jera ƙarya haka a kan abin da na gani da idona in yi shiru ba. Inna ba ta je kotu ba, tana ɗauke da cikin ubanki a lokacin. Abin da take ba ku, abin da zuciyarta ta iya ɗauka ne.

Ba dare ba ne, kuma ba a yi ruwa ba. Da rana tsaka aka yi, ranar hutu. Babu wanda ya rufe fuska. Babbar mota ta tsaya a ƙofar siton, mutum huɗu cikin kayan aiki suka loda dila goma sha huɗu, har mai sayar da ruwa a tsallaken titi ya yi musu sannu da aiki, suka amsa. Ba a ɗaure kakanki ba, don ba ya nan. Mai kula da siton ya aike shi da wata takarda can ƙarshen gari, ya yi awa biyu, ya dawo ya tarar da ƙofa a kulle yadda ya bar ta. Sai washegari aka buɗe aka ga wayam. A kotu mai kula da siton ya rantse bai aike shi ko'ina ba.

Sai guduma. Wa ya ce miki ana fasa irin wannan kwadon da guduma? Na tagulla ne, ya cika tafin hannu, ɗan makullinsa haƙori bakwai. Ki kwana kina duka, ƙofar ce za ta karye ta bar shi. Na gan shi a kan teburin alƙali, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Buɗe shi aka yi, aka mayar aka rufe. A kotu an ce 'yan makullinsa biyu ne, ɗaya yana aljihun mai kamfanin, shi kuma ya yi tafiya tun mako guda, ɗayan yana ɗaure a ɗamarar ƙanena. Haka aka faɗa a kotu.

Tela ya ajiye biro yana tambayata to wa ya buɗe. Na ce masa aikinsa rubutu.

Na gyara miki don kada ki yi ƙarya. Ban gyara don ki ci gaba ba. Ki bar shi.

Kakanki Babba.

*

Kaka Babba,

Ina fata kana lafiya. Ni dai kwana uku ban ci abin kirki ba.

Na karanta takardarka har ta fara yagewa a wurin ninki. Kwado ba a fasa ba. Makulli biyu, ɗaya ya yi tafiya. Aiken da babu mai shaida. Ga ka kai kuma, wanda ko kuskuren shekarar haihuwa aka yi a gabanka sai ka tsai da hira ka gyara, sau biyu kana cewa in bar shi. Na gane, Kaka. Kakana ne ya ba su makullin, kai kuma shekara arba'in kana rufa masa asiri saboda Inna. Shi ya sa ba ka taɓa fashin cefanenta ba.

Na yi kuka, na gama. Na kai wa abokaina, darakta ya ce wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba, don mai kallo zai so mai gadin har minti na tara, sannan ya ga hannunsa yana miƙa makulli ta bayan ƙyaure. Ba za mu mai da shi mugu ba. Za mu nuna matarsa da tsohon ciki, da gidan da babu komai. Kai ka koya mini cewa labari in ba yadda ya faru ba ne to ba labari ba ne. Ranar Asabar za mu fara ɗauka, kwana huɗu mun gama. Inna kuma zan san yadda zan yi da ita in lokaci ya yi.

Jikallenka.

*

Jikalle,

Babu dogon gaisuwa, direba yana tsaye injinsa a kunne. Kada ki ɗauki komai. Ƙanena bai ba kowa makulli ba, ko allura bai taɓa ɗauka ba. Ban ce miki haka ba, ke kika haɗa. Ki tsai da yaran nan, ki jira ni in sami yadda zan yi miki bayani. Akwai maganar da ba ta faɗuwa a bakin titi.

Kakanki.

*

Kaka Babba,

Yau mako uku ban ji daga gare ka ba. Na je tasha sau biyu, aka ce motar direbanku ta lalace a hanya, yana can yana jiran kayan gyara. Ina fata ba gwiwar ce ta kwantar da kai ba. Na ba wani fasinja wannan.

Mun gama. Minti goma sha ɗaya. Darakta ya haɗa shi a kwamfutarsa, mun kalla mu biyar a ɗakinsa, mai riƙe fitila har da hawaye. Wurin miƙa makullin sau tara muka ɗauka kafin dogon nan ya daina dariya. An karɓe mu a gasar, ranar ashirin ga wata za a nuna. Shirunka na ɗauka amincewa ce.

Jikallenka.

*

Jikalle,

Takardarki ta same ni jiya, tawa kuma ashe tana cikin aljihun direba a gefen hanya. Lafiyar jiki akwai. Sauran ki karanta.

Na nemi wanda zai rubuta mini wannan da ba Tela ba. Na je har bakin gidan waya wurin mai rubuta wa mutane takardu, na zauna a bencinsa, na ga ba zan iya faɗa wa baƙo abin da na hana na gida ba. Na dawo. Wanda bai iya rubutu ba ba shi da asiri da takarda, sai ya faɗa da baki wani ya ji. Na sa Tela ya rufe shagonsa, mun shiga nawa mun jawo ƙyaure. Kin san bakin Tela, ba ya riƙe ruwa. Na ce masa ya rubuta, in ya gama ya kai inda ya ga dama.

'Yan makullin uku ne. Ni na yanka na ukun.

Kwana goma sha biyu kafin satar, mai kula da siton ya zo shagona da sabulu a naɗe cikin hankici. An danna ɗan makulli a jikinsa, gefe da gefe. Ya ce na shagon mahaifinsa ne, tsohon yana yawan yar da shi, yana so ya ajiye wani ba tare da ya sani ba. A sana'armu ba a yanka daga sabulu sai an ga kwadon da mai shi. Maigidana da ya koya mini, korar mutum yake yi in ya zo da sabulu. Na san haka. Amma na ga haƙori bakwai, ban taɓa yin irinsa ba, kuma ya ce ya kai wa mutum biyu sun ce ba zai yiwu ba. Wannan maganar ce ta kama ni. Kwana biyu na yi a kansa da magagari, ban taɓa shi da inji ba. Da ya dawo ya ce ya buɗe tun a juyin farko, na yi kwana uku ina jin daɗi.

Daga baya na gane yadda ya sami zanen. Ƙanena yakan rataye ɗamararsa a ƙusa in zai wanke jiki a famfon bayan sito.

Ranar da na ga ɗan makullin ƙanena a teburin alƙali kusa da kwadon, na ƙirga haƙoran daga inda nake zaune. Na uku gajere, na biyar mai tsini. Na san su kamar yatsuna. Alƙali ya tambaya ko akwai mai magana. Ina da 'ya'ya biyar a lokacin. Na ce a raina in na tashi za a haɗa ni da su, gida biyu su rasa mai nema, kuma ai babu shaida a kansa, za su sake shi. Ban tashi ba. Da aka yanke masa na ce zan faɗa a ɗaukaka ƙara. Ba a ɗaukaka ba. Mai kula da siton ya bar gari, na ji ya mutu da daɗewa.

Sau ɗaya ƙanena ya taɓo maganar. Na kai masa ziyara a shekara ta biyu, yana riƙe da ƙarfen tagar, ya ce, “Yaya, a garin nan mutum nawa ne za su iya yanka irin makullin nan?” Na ce ban sani ba. Ya dube ni, ya ce, “Ni ma haka na ce musu.” Sai ya tambaye ni lafiyar jaririn, ubanki ke nan.

Yau da safe, kafin in zauna da Tela, na je wurin Inna, don bai kamata ta ji a bakin kowa ba. Tana tsintar wake a tire. Na faɗa mata tun daga sabulun. Ba ta daina tsinta ba har na gama. Sannan ta ce, “Ashe cefanen nan ba na zumunci ba ne.” Na ce har da shi. Ta ce, “Tashi ka tafi, Yaya.” Kafin in iso shago ta aiko da ragowar kayan watan nan, har da albasar.

Ga shi nan. Kin ce labari in ba yadda ya faru ba ne ba labari ba ne, kin ce ni na koya miki. To ki cire hannun ƙanena daga bayan ƙyauren nan. In hannu kuke nema, ga nawa.

Kakanki Babba.

Ni Tela na rubuta. Shekara talatin muna maƙwabtaka, yau na fara ganin ya yi magana bai gyara wa kowa komai ba. Ban kai wa kowa ba tukuna.

*

Kaka,

Takardunka biyu sun zo rana ɗaya. Ban san yadda zan gaishe ka ba, don haka ban gaishe ka ba.

Na janye fim ɗin daga gasar. Darakta ya yi fushi, ya ce aikin wata biyu, ya ce mu canza sunaye kawai mu ce ƙirƙira ce. Na ce ni na san ba ƙirƙira ba ce, Inna ma za ta sani. Da na karanta musu wurin tagar gidan yari, sai daraktan ya tambaya ko garejin yana nan har yanzu.

Za mu sake, ko ba gasa. Amma babu wanda ya san yadda ake yanka makulli daga sabulu a cikinmu, kuma ba na so ka sake aiko mini da takardar gyara. Hutu saura mako biyar. Zan zo da wayar da fitilar. Fuskarka ba dole ba ce.

Ina jin haushinka sosai. Ka ci gaba da shafa man.

Jikalle.

*

Jikalle,

Ki ji haushin, kin fi kowa dalili bayan Inna. Gwiwa da sauƙi.

Tela ya riƙe bakinsa kwana shida, wanda a wurinsa shekara ce. A na bakwai na ce masa ya huta, ni na faɗa wa masu zama a bencin ƙofata da kaina. Biyu sun daina zuwa. Ɗaya ya ce abin ya wuce, in manta. Na ce masa da ina iya mantuwa da tuni na yi ƙiba. Ubanki ya zo daga wurin aikinsa, ya tsaya a ƙofar shago bai shigo ba, ya dube ni ya dubi injin, ya koma. Ban tsai da shi ba.

Na sayi sabulu irin na wancan lokacin, mai tauri. Na nemo guntun tagulla. Ban buƙaci zane ba, na zauna da magagari na fitar da shi daga kaina, na uku gajere, na biyar mai tsini. A da kwana biyu, yanzu tara, don idon ba na da ba ne. Yana cikin aljihuna. In kin zo zan sake wani a gabanki daga farko. Ki gaya wa daraktanku wannan ba ya yiwuwa a minti goma, ya san yadda zai yi. Kuma da rana za ku ɗauka, ku bar fitilar nan a gida.

Kin ce fuskata ba dole ba ce. Dole ce. Shekara arba'in da ɗaya fuskar ƙanena ce a kan wannan abu. Ki ɗauke ni tun daga hula har ƙasa, yadda duk wanda ya taɓa kawo mini kwado zai gane ni.

Inna ba ta yi mini magana ba har yau. Na kai cefane ƙarshen wata, na ajiye a ƙofa, ya dawo. Zan sake kaiwa. Amma jiya da hantsi ta zo layinmu, abin da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Ta wuce ƙofata kamar babu kowa, ta shiga wurin Tela, ta ajiye masa ƙulli a kan keke. Ina jin ta ta bango, da kunnen da ya rage. Ta ce rigar gadin kakanki ce da ɗamararsa, tun ranar da aka kama shi suke ƙasan akwatinta. Ta ce a ba ki, dogon yaron nan ya sa, in ta yi masa yawa Tela ya rage, amma kada a taɓa aljihun hagu, ita ta yi masa facin da hannunta.

Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce wa Tela, “Ka gaya wa maƙwabcinka, na ji ya ce dila goma sha huɗu. Sha shida ne. Mijina ya faɗa mini.”

Na zauna na ƙirga, na sake ƙirgawa. Sha huɗu aka faɗa a kotu, ina nan a kan haka. Amma ƙanena ne yake buɗe ƙofar nan kullum, ni ban taɓa shiga ba. Ki sa sha shida.

Kakanki Babba.